Giram 28 ko 22.4? Aikin shimi ya raba ni da ƙawata

Hadiza_Garwa
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin Puremiyar D a sakandare, jarrabawar furobatuwa ga ta nan tafe, kuma akwai wani aikin shimi, wato ilimin sinadarai, da muke ta jayayya a kansa ni da ƙawata. An ba mu wannan: Fe2O3 + 2Al → Al2O3 + 2Fe. An haɗa giram 40 na Fe2O3 da giram 10.8 na alminiyom. Ana tambayar wane sinadari ne zai fara ƙarewa, kuma ƙarfe giram nawa za a samu. Nauyin mol a giram (mol shi ne ma'aunin ƙirga ƙwayoyin sinadari): Fe (ƙarfe) 56, Al (alminiyom) 27, O (oksijin) 16.

Ni na mai da komai zuwa mol. Fe2O3 nauyin mol ɗinsa 160, saboda haka 40 a raba da 160 ya ba ni 0.25. Alminiyom 10.8 a raba da 27 ya ba ni 0.40. Tunda 0.25 ne ƙarami sai na ce Fe2O3 ne zai ƙare, na samu ƙarfe giram 28. Ita kuwa ta ce alminiyom ne, domin 10.8 bai kai 40 ba, ta samu 22.4. Malaminmu ya sha ja mana kunne cewa ba a kwatanta giram da giram. To wa ke da gaskiya a cikinmu?

Bello_Marwa
Wa alaikumus salam. Ke ce da gaskiya ƙanwata, mol ake dubawa. 28 ne.

Zainabu_Ngaundere
Bello, dakata tukuna. Hadiza, mol ɗinki duka biyu daidai suke, amma kin tsaya a rabin hanya. Dubi lambar da ke gaban Al: 2. Ma'ana duk mol ɗaya na Fe2O3 sai ya ci mol biyu na alminiyom. To 0.25 ɗinki yana neman 0.50, ke kuma 0.40 kawai aka ba ki. Bai isa ba. Alminiyom ne zai fara ƙarewa.

Daga nan duk lissafi da shi ake yi. 2Al na ba da 2Fe, wato mol 0.40 na alminiyom mol 0.40 na ƙarfe. 0.40 sau 56, giram 22.4.

Hadiza_Garwa
Yaya Zainabu, kenan hanyar ƙawata ce daidai? Ai giram ta duba.

Malam_Sani_PCT
A'a 'yata, amsarta ce ta faɗa daidai, hanyarta kuwa ba hanya ba ce, kuma ita ta fi ba ni tsoro, domin wanda ya dace sau ɗaya da wuya ya yarda ya sake. Ki kai mata wannan. 2H2 + O2 → 2H2O. Haidurojin giram 4, oksijin giram 16. A tata dabarar haidurojin ne zai ƙare tunda shi ne mara nauyi. To giram 4 na H2 mol 2 ne, giram 16 na O2 kuwa rabin mol ne, domin nauyin mol ɗinsa 32. Rabin mol na oksijin mol 1 kawai na haidurojin zai iya ci. Oksijin, mai nauyin nan, shi ne ya ƙare. Ruwa giram 18 aka samu, haidurojin giram 2 ya yi saura.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi bai wuce wannan ba: ka tabbatar ikwasiyon, wato layin haɗin mai kibiya, ta daidaita, ka mai da giram mol, sannan ka raba mol ɗin kowane sinadari da lambar da ke gabansa. Wanda ya ba da ƙaramin sakamako shi ne mai ƙarewa. A naki aikin, Fe2O3: 0.25 a raba da 1, 0.25. Alminiyom: 0.40 a raba da 2, 0.20. Ga shi nan a fili.

Akwai kuma gwajin da ba na barin kowa ya miƙo mini takarda bai yi shi ba. Ki lissafa duk abin da ke cikin kwanon bayan an gama, ki haɗa. Dole ya yi daidai da abin da aka zuba, ka'idar da Lavoisier ya tabbatar da ita da sikeli tun ƙarshen ƙarni na 18. Yi ki turo mana mu gani.

Bello_Marwa
Malam, to ni a ajin Sagond na sha ɗaukar ƙaramin mol kuma ana ba ni maki. Yaushe hakan ke aiki?

Malam_Sani_PCT
Lokacin da lambobin gaba suka zama iri ɗaya. Fe + S → FeS, ɗaya da ɗaya, nan ƙaramin mol shi ne mai ƙarewa. Da irin waɗannan ake fara koya muku, shi ya sa hannu ke sabawa.

Ɗan_Kusiri
Ni haka wana ya fahimtar da ni, makanikin babur ne. Kana da gangar jikin babur 5 da taya 8. Taya ta fi yawa a ƙirga, amma kowane babur taya biyu yake so, saboda haka babur 4 za ka haɗa, gangar jiki ɗaya ta zauna tana jira. Tayar ce ta ƙare duk da ita ce mai yawa. Alminiyom ɗin Hadiza shi ne tayar.

Abba_Njamena
Ina gaishe ku daga wannan gaɓar kogi. Ni ajin Tarminal D nake, na ƙarshen sakandare. Mu duk wannan da tablo, wato jadawali, muke yinsa, kuma ban ga abin da ya kai shi tsaro ba. Ka ja layi uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Ka sa x a matsayin yadda haɗin ya yi nisa. Fe2O3 ya zama 0.25 − x, alminiyom 0.40 − 2x, Al2O3 x, ƙarfe 2x. Sai ka tambayi kanka wanne zai fara kai sifiri. Na farko sai x ya kai 0.25, na biyu tun x na 0.20 ya kai. To x ba zai wuce 0.20 ba, domin in ya wuce, alminiyom zai koma ƙasa da sifiri, abin da ba ya yiwuwa. Ka sa 0.20 a layin ƙarshe, komai ya fito lokaci guda, har da wanda ya yi saura. Ba sai ka haddace wata ka'idar rabawa ba.

Malam_Sani_PCT
Abba, lissafinka ba shi da aibi, kuma in ka lura 0.25 da 0.20 ɗin nan su ne dai nawa. Damuwata da tablo ita ce yara da yawa suna cika shi kamar mai cika takardar neman katin ɗan ƙasa. Na ga takardun da tablo ya fito tsaf, amma ka tambayi yaron me −2x ke nufi, ya yi shiru. Na fi son ya fara iya faɗa da bakinsa cewa wannan yana cin biyu na wancan, tukuna ya ja layi.

Malama_Aisha_Biling
Malam Sani, da girmamawa, ni a nan na saɓa maka kaɗan. Ina koyarwa a ɓangaren Ingilishi, masu rubuta jarrabawar GCE, kuma mu ba mu cika amfani da tablo ba. Abin da nake gani a takardun nawa yaran shi ne suna gane mai ƙarewa, su samu nauyin abin da aka nema, amma da an ce nawa ya yi saura sai su rikice, wasu su cire mol daga giram. Tablo yana rufe wannan ƙofa. Na fara aro shi daga abokan aikinmu na ɓangaren Faransanci kuma na ga amfaninsa. Ballantana in sun kai darasin da haɗin ba ya kaiwa ƙarshe, kamar na asid da alkol, ba makawa sai da x.

Akwai hanya ta uku ma ga wanda kansa ya ɗaure a ɗakin jarrabawa. Ka lissafa ƙarfen da kowane sinadari zai iya bayarwa shi kaɗai, ka ɗauki ƙarami. Fe2O3 zai iya ba da 28, alminiyom 22.4. Hadiza, 28 ɗinki ba shirme ba ne, shi ne abin da za a samu da an ba ki alminiyom giram 13.5.

Hajiya_Mai_Sabulu
Salamu alaikum. Ni ba 'yar makaranta ba ce, ɗana ne ya sa ni a nan saboda ƙannensa. Amma wannan magana ta shafe ni. Ina yin sabulu a gida a nan Garwa, da man auduga, wani lokaci da manja ko man kaɗe. Wadda ta koya mini da gwangwani take awon soda, ni ma haka na taso ina yi. Sai dai wani zubin yakan fito lafiya, wani kuma in ya bushe sai ka ga farin gari a bayansa, mai wanki ta dawo tana cewa ya ci mata hannu. Wani kuma ya ƙi daskarewa, mai na tsattsafowa a sama. Shin wannan ne abin da kuke cewa wani ya ƙare wani ya yi saura?

Zainabu_Ngaundere
Hajiya, sannu da aiki, shi ne kuwa. In sabulu yana cin hannu bayan ya daɗe da bushewa, mai ne ya ƙare soda ta yi saura. In ya yi laushi yana maiƙo, soda ce ta ƙare da wuri.

Ga lissafin. Kowane mol na mai yana cin mol uku na soda. In muka ɗauki irin kitsen da ya fi yawa a man gyaɗa, nauyin mol ɗinsa 884, soda kuwa 40, sau uku 120. Kenan giram 884 na mai na son giram 120 na soda, wato kusan giram 136 a kowane kilo. Man auduga yana kusa da haka, manja ya ɗan fi, wajen 141, man kaɗe kuma bai kai ba, wajen 128. Kin ga in kika riƙe gwangwani ɗaya ga dukkansu, ranar man kaɗe soda za ta yi yawa.

Abu biyu kuma. Litar mai ba kilo ba ce, wajen giram 920 ce. Sannan masu sabulun wanka da gangan suke rage soda da kamar kashi 5 cikin 100, don ta zama ita ce mai ƙarewa. Ɗan mai in ya rage ba ya cutar da fata, soda in ta rage tana ƙona ta. Hajiya, ki nemi ƙaramin sikelin nan na batir, ya fi gwangwani nesa ba kusa ba.

Abba_Njamena
Yaya Zainabu, mu a littafinmu akasin haka aka rubuta, an ce a zuba soda fiye da kima.

Zainabu_Ngaundere
Haka ne, domin a can ana dafa shi ne, daga baya a juye cikin ruwan gishiri mai kauri. Sabulun ya taso sama, rarar sodar da gilisarin su bi ruwa. Na Hajiya kuwa duk abin da ta zuba a cikin sabulun yake zama. Kowa yana zaɓen wanda yake so ya ƙare gwargwadon aikinsa.

Usmanu_Figil
Ni direban tifa ne, dutsen farar ƙasa nake ɗauka. Kun san garinmu da shi aka san shi, ga masana'antar siminti ga masu ƙona farar ƙasa. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, dutsen da ya shiga wuta in ya fito nauyinsa kusan rabi ya tafi, alhali ba a ga ya zube ba. Malam ya ce abin da aka zuba dole ya yi daidai da abin da ya fito. To ina sauran?

Malam_Sani_PCT
Malam Usmanu, iska ta tafi da shi. CaCO3 → CaO + CO2. In zafi ya kai wajen digiri 900 dutsen yana rabuwa. Cikin kilo 100 na dutse zalla, kilo 56 ne farar ƙasa, kilo 44 iskar CO2 ce ta fita ta bututu. In kuma dutsen kashi 90 ne kawai na gaske, sauran yashi da laka, to CaO ɗin da za a samu kilo 50.4 ne, ko shi ma sai in wuta ta ratsa har cikin kowane dutse. Ɗalibai su lura: a nan sinadari ɗaya ne ya shiga, babu maganar wa ya riga wa ƙarewa. Amma in an ba ku kashin tsabta a jarrabawa, ku fara cire dattin kafin ku taɓa mol.

Baba_Ali_Yagwa
'Ya'yana, ni tsohon mai gyaran murhun gas ne. Wutar da ta samu iska sosai shuɗiya ce, ba ta ɓata gindin tukunya. In ƙofar iskar ta toshe da maiƙo ko gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, sai wutar ta koma ja-ja, tukunya ta yi baƙi ƙirin, gas ɗin kuma ya ƙare da wuri. Mata su ce an cuce su wurin cika tukunyar gas, alhali murhu ne ke neman wanki. Ashe dai iskar ce mai ƙarewar da kuke faɗa.

Malama_Aisha_Biling
Baba, ka faɗi gaskiya. Bari in ba ɗalibai abin mamaki da tukunyar gas mai kilo 12.5, in muka ɗauke shi butan zalla. 2C4H10 + 13O2 → 8CO2 + 10H2O. Nauyin mol na butan 58, kenan wajen mol 215.5. Kafin ya ƙone duka sai ya ci oksijin kusan kilo 44.8, ya fitar da CO2 kilo 37.9 da tururin ruwa kilo 19.4. Ku haɗa kowane ɓangare, 57.3 ne. CO2 ɗin ya ninka gas ɗin sau uku a nauyi. In oksijin bai isa ba, wani karbon ɗin yana tsayawa a CO, iska mai guba, wani ya zauna baƙi a gindin tukunya.

Nas_Fadimatu
Tunda an ambaci CO, don Allah ku bar ni in sa baki. A asibiti nake aiki, kuma duk hunturu sai an kawo mana waɗanda suka shigar da kaskon gawayi ɗaki suka rufe ƙofa da taga suka kwanta. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya. In kun samu mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai ga kasko a gefe, ku fitar da su waje nan take ku kawo su asibiti. Kada a tsaya jiƙa magani.

Zainabu_Ngaundere
Allah ya saka, Anti. Na ɗan lissafa: kilo ɗaya na gawayi, in karbon ne zalla, mol 83 ne, yana son oksijin wajen lita 2000. Ɗaki mai mita uku ta kowane gefe lita 27000 na iska ke ciki, oksijin kashi 21 ne, wato lita 5670. Kilo ɗaya ya cinye fiye da sulusinsa. Kuma gawayi ba ya jiran oksijin ya ƙare kafin ya fara fitar da CO, tun yana ci a hankali ƙarƙashin toka yake fitarwa.

Ɗan_Kusiri
Malam, shi wannan haɗin na Hadiza ana iya gwada shi? Makarantarmu ba mu taɓa shiga labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba, ɗakin a kulle yake tun da na zo, komai a allo muke gani.

Malam_Sani_PCT
Kul, kada ka kusance shi. Zafinsa yana kai wajen digiri 2500, ƙarfen a narke yake fitowa, kuma ruwa ba ya kashe shi. Da shi ake walda ƙarafan layin dogo, masu yi kuwa ƙwararru ne da kayan kariya. In kana son ka ga mai ƙarewa da idonka, ka samu kofi uku, ka zuba binegar daidai wa daida a kowanne, cokali biyu-biyu. Ka sa garin bikarbonat ɗan kaɗan a na farko, rabin ƙaramin cokali a na biyu, babban cokali cike a na uku. A na farko garin zai ɓace tas. A na uku kumfa za ta tsaya ga gari kwance a gindi, ka ƙara binegar ka ga ta sake tashi. Rashin labo ciwo ne da mu malamai muke ji fiye da ku, amma wannan ko a tsakar gida ka yi.

Hadiza_Garwa
Malam, na yi gwajin da ka ce. Ƙarfe 22.4. Al2O3 mol 0.20 sau 102, giram 20.4. Fe2O3 da ya rage mol 0.05 sau 160, giram 8. Jimla 50.8. Abin da aka zuba 40 da 10.8, shi ma 50.8. Na kai wa ƙawata na haidurojin, ta ce za ta duba da dare. Ko za a ƙara mana wani?

Malam_Sani_PCT
Madalla, haka ake so. Ga wani: Zn + 2HCl → ZnCl2 + H2. Zinki giram 3.27, nauyin mol 65.4. Asid mililita 100 mai ƙarfin mol 0.5 a lita. Wa zai ƙare, nawa zai rage, iskar H2 lita nawa?

Bello_Marwa
Zinki mol 0.05. Asid 0.5 sau 0.1, shi ma 0.05. Sun zo daidai a mol amma asid biyu-biyu ake cinsa, 0.05 a raba da 2, 0.025. Asid ne ya ƙare. Zinki mol 0.025 ya rage, wajen giram 1.64. H2 mol 0.025 sau 22.4, lita 0.56.

Hadiza_Garwa
Ni da tablo na yi, x ya tsaya a 0.025 kamar na Yaya Bello, amma na samu lita 0.6 domin mu 24 ake ba mu.

Malama_Aisha_Biling
Ba ku saɓa a shimi ba, a zafi kuka saɓa. 22.4 na digiri sifiri ne, 24 na wajen digiri 20. A Garwa cikin watan Afrilu da zafi ke kai 40, mol ɗaya na iska yana cin wajen lita 25.7, kenan 0.64 za ki tara. A jarrabawa ku yi aiki da wanda aka rubuta muku a takarda. Malam Sani, ka ga ɗalibar da kanta ta koma tablo.

Malam_Sani_PCT
Na gani Malama, amma sai da ta fara gane dalilin 2 ɗin nan. Ni dai a Sagond ba zan fara da shi ba. Mu ji ta bakin sauran malamai in suna nan.

Abba_Njamena
Mu tun farko da shi aka fara mana kuma ban ga ya hana mu ganewa ba.

Hajiya_Mai_Sabulu
Zainabu 'yata, na aika a sayo sikelin. Amma sodar da ke wurina ta kwana biyu a buhu, ta sha damina ta dunƙule, har tana jiƙa leda. In na auna giram 136 ɗin nan da ita, lissafin yana nan, ko ruwan da ta sha ya shiga cikin nauyin?

Zainabu_Ngaundere
Ya shiga, Hajiya. Soda tana jan ruwa daga iska, tana kuma jan CO2, wani ɓangarenta ya koma wani gishirin da ba ya aikin sabulu yadda ya kamata. Abin da sikeli zai nuna miki ya fi sodar gaske da ke ciki, kuma ba yadda za ki san da nawa a gida. Wannan ki yi ɗan zubin gwaji da rabin kilo na mai ki gani. Sabuwa in kin saya, ki juye ta a bokitin roba mai murfi, ban da kwanon alminiyom domin tana cinsa, kuma ki sa safar hannu lokacin awo.